Karena ya rame, yaya zan yi ya murmure? Tambayoyin da masu karnuka suka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin masu karnuka, daga mai karen gadi a gida ko a gona ko a garejin motoci, zuwa 'yan farauta, zuwa wanda ya kashe kuɗi ya sayo na Turawa yana ta faman saya masa abincin buhu amma kullum kamar ana zuƙe shi. Kusan kowa da tambayar "me zan ba shi ya yi ƙiba" yake zuwa, ni kuma kusan kullum da wata tambayar nake tare shi, wato waye yake cinye abincin da kake ba shi ɗin, domin sau da yawa ba karen ne kaɗai yake ci daga kwanon ba.

Ta yaya zan gane cewa ramewa ce ta gaske, ba haka jikinsa yake ba?

Da hannu ake ganewa, ido kaɗai yana yaudara, musamman ga kare mai gashi da yawa. Ka shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu ba tare da ka danna ba. Kare mai daidaitaccen jiki za ka ji haƙarƙarinsa a ƙarƙashin wani ɗan siririn nama, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka idan ka shimfiɗa shi. In ka ji su kamar gaɓoɓin yatsu lokacin da ka dunƙule hannu, toh ya rame. Sai ka tsaya a kansa ka leƙa daga sama, ya kamata ka ga ɗan shigar ƙugu bayan haƙarƙari, amma in ƙashin baya ya fito reras kamar carbi, ƙasusuwan ƙugu biyu sun miƙe tsaye, cinya ta zube, gefen kansa ya loɓa, wannan ya wuce rashin kitse, naman jikinsa ne yake narkewa.

Likitocin dabbobi suna da ma'auni daga 1 zuwa 9 da suke auna wannan da shi. Wanda yake a 1 shi ne ƙashi da fata, 9 kuma wanda ya zama kamar randa, inda ake so shi ne 4 ko 5. Kare a mataki na 3 gyaran abinci da maganin tsutsa kan wadatar, amma 1 da 2 maganar asibiti ce, ka duba tambayar karen da ya daɗe da yunwa kafin ka zuba masa komai.

Karnukanmu na gida ai dama sirara ne, ba haka ba?

Haka ne, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa, sai mutum ya ga hoton wani ƙaton kare na waje mai wuya kamar turmi ya ce shi ma haka yake son nasa ya koma. Karen Hausa na farauta ƙirarsa ta gudu ce, dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. Ka dubi karen Azawak na Buzaye, wanda ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin arewacin Tawa a Nijar da yankin Menaka a Mali, namijinsa da duk tsayinsa kilo 20 zuwa 25 ne kawai, kuma lafiyayyensa ma ana hango haƙarƙarinsa. In ka cusa wa irin wannan kitse ka cuce shi. Abin dubawa ga siririn kare shi ne ƙarfin cinya, sheƙin gashi, kuzari, da kuma ko jikin nasa haka yake tun da, ko kuwa a 'yan makonnin nan ne ya zube.

Yana cin abinci sosai amma ba ya ƙiba, me ke jawo haka?

Na farko da za a zarga tsutsar ciki ce, sai kaska da cutar da take sakawa a jini, kowanne yana da tambayarsa a ƙasa. Na biyu kuma, kuma shi ne wanda masu kare ba sa son ji, abincin ne ba abinci ba. Kwano cike da ƙanzo da aka jiƙa da ruwa ko dusa da aka dama yana cika ciki amma babu abin gina jiki a ciki, kare zai lashe tas har ya biyo ka yana neman ƙari kuma yana ci gaba da ramewa. Na uku a gidan da karnuka suka fi ɗaya, babban yana korar ƙaramin daga kwano da zarar ka juya baya, kai kana lissafin ka ciyar da biyu alhali ɗaya ne ya ci, wani lokacin ma kaji da awakin gida ne suke rabawa da shi.

In duk an kawar da waɗannan sai a koma cututtukan cikin jiki. Ciwon suga yana sa kare ya ci da yawa ya sha ruwa da yawa ya yi ta fitsari yana ramewa. Ciwon ƙoda shi ma shan ruwa da fitsari ne amma cin abinci yana raguwa, ga wari a baki. Akwai kuma wata cuta da aka fi gani a jikin karen Jamus, wanda muke ce wa karen 'yan sanda, inda cikinsa ya daina fitar da sinadaran narkar da abinci, sai ya yi ta ci kamar gara yana yin kashi mai yawa, fari-fari mai maiƙo da wari, jikin kuma kullum baya yake yi. Waɗannan duk sai da gwajin jini ko na fitsari ake tabbatarwa, ba a gane su da kallo.

Yaya zan san yana da tsutsa, kuma wane magani ake ba shi?

In kare yana yawo a waje ko yana kwana a ƙasa kuma an fi wata uku ba a ba shi magani ba, ka ɗauka kawai yana da ita, ba sai ka gani a kashinsa ba. Iri uku aka fi fama da su. Akwai doguwa fara mai kama da taliya, ita ce take kumbura cikin 'yan kwikwiyo ka ga ciki ƙato ƙafafu kamar tsinke. Akwai mai fitowa gutsi-gutsi kamar ƙwayar shinkafa a kashi ko a maƙale a gashin gindin wutsiya, wannan ta hanyar haɗiye ƙuma ko cin ɗanyen kayan ciki ake ɗaukarta. Sai mafi sharri, 'yar ƙarama mai ƙugiya da ba kasafai ake ganinta da ido ba, tana maƙale a hanji tana shan jini, alamarta dasashi ya yi fari, kashi ya yi baƙi kamar kwalta, kuma tana kashe ɗan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki.

Magani ɗaya ba ya kashe duka, shi ya sa ake haɗa su a ƙwaya ɗaya. Ka nemi na karnuka wanda a jikin kwalin aka rubuta pyrantel da praziquantel, sau da yawa da febantel a ciki, ko kuma fenbendazole da ake bayarwa kwana uku a jere, sai dai shi ba ya kashe mai kama da shinkafar da ake ɗauka daga ƙuma. Da nauyin kare ake auna shi, saboda haka sai ka fara auna karen, yadda ake yi yana cikin tambayar awo. A maimaita bayan sati biyu domin na farko ba ya kama waɗanda ba su gama girma ba. Daga nan babban kare duk wata uku, ɗan kwikwiyo kuma tun yana sati 2, sai 4, 6, 8, sannan wata-wata har ya kai wata shida.

Don Allah a daina ɗebo farin maganin tsutsa na shanu da tumaki ana ɗura wa kare da ka, albendazole ɗin nan yana iya taɓa ɓargon kare ya hana shi yin jini. Ivermectin ma da ake yawan caka musu, in an zarce awo yana sa makanta da tangaɗi har suma, kuma akwai jinsin karnukan Turawa masu kiwon tumaki da ɗan kaɗan ma yake kayar da su. Sannan a riƙa kwashe kashin kare daga tsakar gida kullum, domin ƙwan tsutsar yana zama a ƙasa, shi ke mayar masa da ita, kuma yaran da ke wasa da ƙasa su ma suna iya ɗauka.

Kaska ce ta cika masa kunne, ita ma tana ramar da kare?

Ƙwarai kuwa, ta hanya biyu. Tana shan jini kai tsaye, kuma tana zuba masa ƙwayoyin cuta a jini, abin da ake kira zazzaɓin kaska. Kare zai yi laushi, ya ƙi abinci, jiki zafi, dasashi fari ko ruwan ɗorawa, wani fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, wani kuma haɓo zai riƙa yi. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyos, in ya haura 39.5 yana kwance a inuwa to akwai magana. Wannan ba abinci ne maganinsa ba, ko naman sa guda ka yanka masa ba zai tashi ba sai an ɗebi jini an duba an san wace iri ce, domin maganinsu ya bambanta. Allurar Berenil da ake yi wa shanu ana amfani da ita a kan wata irin, amma tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke taɓa ƙwaƙwalwar kare 'yar kaɗan ce, ka bar wa likita.

'Yan farauta masu shiga dazukan kudu inda ake da ƙudan tsando su kula da sammore, karnuka ma suna kamuwa, sai ka ga kare ya dawo daga daji yana zazzaɓi yana ramewa, fuska ta kumbura, ido ya yi fari kamar an shafa masa madara.

Wajen kashe kaskar kuma, kaskar kare a tsagar bango da ƙasan ɗakinsa take ɓuya ta yi ƙwai, in ka wanke kare ka bar makwancinsa ka yi aikin baban giwa. A yi amfani da maganin wanka ko na ɗigawa a bayan wuya ko ƙwayar da aka yi don karnuka. Banda fiya-fiya, banda Sniper, banda maganin feshin gona, banda baƙin mai da kalanzir da ake shafa wa mai ƙazuwa, kare yana lashe jikinsa kuma fatarsa tana tsotsa, ramammen kare kuwa ba shi da ƙarfin da zai jure guba.

Na tsinci kare ko an ba ni wanda ya daɗe da yunwa, in cika masa kwano?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da na fi so a riƙe a duk shafin nan. Tausayi ne yake sa mutum ya ga ƙashi da fata ya tula masa shinkafa da nama, kare ya cinye a tsaye, bayan kwana biyu ko uku a wayi gari ya kasa tashi ko ya mutu, a ce ai dama ya riga ya yi nisa. Abin da ke faruwa shi ne jikin da ya daɗe babu abinci ya ƙarar da wasu gishirin jiki, irin su fosfet da fotasiyam da maganiziyam, to da zarar abinci mai sitaci ya shiga da yawa sai ɗan ragowar da ke cikin jini ya ruga cikin tsoka, jini ya zama fanko, zuciya da numfashi su rikice. Ga kuma amai da gudawa saboda hanjin ya manta aiki.

Ga yadda ake lissafi. Ka ninka nauyinsa na yanzu a kilo da 30 ka ƙara 70, abin da ya fito shi ne kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa, da jikinsa yake buƙata a yini a kwance ba aiki. Kare mai kilo 12 ke nan 430. Ranar farko kashi ɗaya cikin uku na wannan za ka ba shi, wajen 140, wanda bai wuce dafaffen ƙwai biyu ba, kuma a raba shi sau huɗu a yini. Zai dube ka da ido kamar ka zalunce shi, ka daure. Kullum a ƙara kaɗan har a kai cikakken 430 ɗin a kwana na huɗu zuwa na bakwai, in babu amai babu gudawa sannan a fara haurawa. A kwanakin nan abincin ya fi karkata ga ƙwai, kifi da nama mai laushi, tuwo da shinkafa su zama kaɗan. Ruwa mai tsabta kuma a gabansa kowane lokaci. In ba ya iya tsayuwa, ko ka ja fatar wuyansa ta tsaya ba ta koma ba, wannan ƙarin ruwa yake buƙata a asibiti kafin maganar abinci.

Toh me zan dafa masa da abin da muke da shi a kasuwa?

Ba dole sai abincin buhu ba. Abin da ake nema kashi uku ne, mai gina jiki, mai ba da ƙarfi, da ɗan mai. Na ginin jiki akwai tumbi, huhu, zuciya, naman kai, kayan cikin kaji, ƙwai, kifi ɗanye ko banda da aka cire wa ƙaya, duk a dafa. Na ƙarfi akwai shinkafa, tuwon masara ko dawa ko gero da ya dahu sosai, dankali. Sai kabewa ko karas kaɗan saboda hanji. Misali kare da ya kamata ya kai kilo 15, a yini zai buƙaci kalori 900 zuwa 1,000, wato kamar gwangwanin madara uku na dafaffiyar shinkafa ko tuwo, giram 200 na dafaffen nama ko kayan ciki, ƙwai ɗaya, ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa, da ɗan yankan kabewa. A raba uku, safe da la'asar da dare, ya fi a tula masa sau ɗaya.

Abu biyu da ake mantawa. Nama da tuwo ba su da sinadarin ƙashi isasshe, to ka wanke ɓawon ƙwai ka busar ka daka shi ya yi laushi kamar gari, ka barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na abinci. Hanta kuma tana da amfani sosai ga wanda jininsa ya yi ƙasa amma 'yar kaɗan, yanka ɗaya ko biyu sau biyu a sati, in ta yi yawa tana sa gudawa kuma bitamin A ɗinta yana taruwa ya zama illa.

Maganar kayan kwata, kar a ba kare ɗanyen huhu ko hanta, musamman wanda mahauci ya yanke ya jefar saboda ya ga ƙulli mai ruwa a jiki. Wannan ƙullin 'ya'yan wata tsutsa ne a cikinsa, kare ya ci tsutsar ta girma a hanjinsa, ya zubar da ƙwanta a gida, mutum ya ɗauka ta yi masa irin wannan ƙullin a hanta ko huhu. Tafasawa tana kashe ta, arha ce.

Ragowar abincin gida fa, ai shi kakanninmu suke ba su?

Shi ne, amma karen kakanninmu yana yawo yana kama ɓera da ƙadangare da gafiya, yana samun rabonsa a wajen farauta, shi yake cike giɓin da kansa. Naka yana ɗaure da sarƙa a bayan gida, abin da ka zuba shi ne duniyarsa. Ragowar tuwo ba laifi in za a ƙara masa abin gina jiki, matsalar miyar ce. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma a hankali abin yake taruwa, ka ga wanda dama tsutsa da kaska sun shanye masa jini ai an ƙara masa kaya. Yaji da magi da gishiri mai yawa suna tayar masa da ciki. In za ka ba shi tuwon gida ka ɗebe nasa kafin a zuba miya, ka jiƙa masa da romon da aka tafasa namansa.

Sauran abubuwan da ba a ba kare: cakulan, goro, kofi, inabi da busasshensa, cingam ɗin da ba suga mai ɗauke da xylitol, da duk abincin da ya yi funfuna. Wannan na ƙarshen a kula da shi sosai, domin masara ko gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna yana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ta fi saurin kayarwa. Ɗabi'ar "ya lalace, a ba kare" ta kashe karnuka da yawa. Dafaffen ƙashi kuma, musamman na kaza, tsagewa yake yi ya soki hanji ko ya toshe shi.

In ƙara masa kitse da madara ba zai fi saurin cikowa ba?

Mai yana da ƙarfi, babban cokali ɗaya kalori 120 ne, shi ya sa muka sa ɗan kaɗan a girkin da ke sama. Amma ka kwaso kitsen layya ko ragowar man suya ka juye masa lokaci ɗaya, abin da zai biyo baya amai ne da ciwon ciki mai tsanani da kan kai ga kwanciya asibiti, ana yawan ganin wannan bayan babbar salla. A fara da ƙaramin cokali, a ga yadda kashinsa yake kwana uku, sannan a ƙara. Madara kuma yawancin manyan karnuka ba sa narkar da ita, zawo take sa su, wanda ke zawo kuwa ba ya ƙiba. Kindirmo ko nono mai tsami da aka san an dafa madararsa ya fi sauƙi a cikinsu, cokali biyu ko uku a kan abinci ya isa.

Abincin buhu na kanti ya fi ne? Wanne zan saya?

Amfaninsa shi ne an riga an haɗa komai a ciki daidai, ba ka da lissafin ɓawon ƙwai da hanta. Ga ramammen babban kare dabarar da likitoci kan bayar ita ce a sayi na 'yan kwikwiyo, domin ya fi ƙarfi da sinadarin gina jiki a kowane kofi, sai a koma na manya in ya ciko. Ka duba bayan buhu, abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi ya zama nama ko kaza ko kifi, ka duba ranar lalacewa, ka shinshina, in yana warin tsohon mai ka bar shi, zafin shagunanmu yana lalata shi da wuri musamman wanda ake buɗewa ana aunawa da kwano. Canjin abinci kuma a yi shi cikin sati guda ana gauraya sabo da tsoho, in aka juya rana ɗaya zawo ne.

Akwai maganin ƙiba ko na buɗe ciki da zan saya masa a kemis?

Bitamin B na ruwa ko na allura ba shi da laifi kuma yana taimaka wa mai farfaɗowa, maganin ƙarin jini ma haka in likita ya ga jinin ya yi ƙasa. Amma ƙwayoyin nan da mutane suke sha don su yi ƙiba, musamman dexamethasone, kumburi suke kawowa da taruwar ruwa, suna narkar da tsoka, suna kashe garkuwar jiki, ga kare mai cutar kaska kuwa kamar ka buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Haka kuma kar a ba shi ibuprofen ko diclofenac don an ga yana zazzaɓi, suna huda cikin kare su kashe ƙoda, farasitamol ma ba a ba shi da ka. Kare da ya ƙi abinci akwai dalili, in ka tilasta cikin ya buɗe ba ka taɓa dalilin ba.

Ya ƙi cin abincin ma gaba ɗaya, yaya zan yi?

Ka fara da masu sauƙi. Ɗumama abincin ya ɗan yi ƙamshi, zuba romo ko ɗan kifin gwangwani, ba shi da sassafe ko bayan magariba domin a zafin Maris da Afrilu karnuka da yawa ba sa ci da rana, raba shi da sauran karnuka, matsar da kwanon daga rana da hayaniyar yara. Sabon kare da aka kawo daga wani gida yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana ƙyuya, wannan ba komai. Tsoho kuma a duba haƙori, wani yana son ci amma ciwo ke hana shi, za ka ga ya ɗauka ya saki ko yana tauna da gefe ɗaya.

Babban kare da ya wuce kwana biyu bai ci ba, ko ɗan kwikwiyo da ya yini bai ci ba, a kai shi. Kwikwiyo mai amai da gudawar jini mai ƙarni, musamman wanda ba a yi wa rigakafi ba, ana zargin cutar fabo, kuma sa'o'i ne tsakaninsa da mutuwa in ba a sa masa ruwa ba. Sannan gargaɗi babba, kare da ya daina ci, yawu na dalala, baki a sake, muryarsa ta canza, halinsa ya juya, kar ka kuskura ka zura hannu a bakinsa wai kana neman ƙashin da ya maƙale. Haka ciwon haukan kare yake farawa a wasu, ba kowanne ne yake bin mutane da cizo ba. A kulle shi a kira likitan dabbobi, wanda ya ciza ko ya yaƙusa kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ya tafi asibiti a ranar. Rigakafinsa ana yi wa kare daga wata uku sannan duk shekara, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa allurar, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan samu wuraren da ake yi kyauta.

Karyata ta haihu ta zube gaba ɗaya, wannan daidai ne?

Ɗan faɗawa ba abin mamaki ba ne, amma zubewa har ƙashin baya ya fito alama ce abincin bai kai ba. Cikin karya kwana 63 ne, a sati ukun ƙarshe buƙatarta take fara hawa, lokacin shayarwa kuma, musamman sati na uku da na huɗu, tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci, in 'ya'yan suna da yawa har fiye. A nan ba a yi mata awo, a ba ta sau huɗu ko a bar mata abinci a gaba, da ruwa mai yawa. Daga sati uku zuwa huɗu a fara koya wa 'ya'yan lasar abinci mai ruwa-ruwa don su rage mata nauyi, a yaye su a sati shida zuwa takwas, a ba ta maganin tsutsa tare da su. In tana shayarwa ka ga tana rawar jiki, tana haki, ƙafafu sun sandare, sinadarin ƙashi ne ya faɗi a jininta, gaggawa ce ta allura. Kuma a bar ta ta huta, karyar da ake bari tana ɗaukar ciki duk zagaye ba ta taɓa mayar da jikinta.

Karen farauta ne, ko na gadi mai zagaye dare, lissafinsu ɗaya da na gida?

Ba ɗaya ba. Karen da zai yini yana bin zomo da gada a daji lokacin rani zai iya ƙona ninki biyu na abin da mai kwana a gida yake ƙonawa, ga sanyin hunturu da yake ci musu jiki in suna kwana a fili. A fara ƙara musu abinci tun kafin a fara fita, ba sai sun dawo sun zube ba, kuma babban cin ya zama da yamma bayan sun huta, ba a cika wa kare ciki a fita da shi gudu, masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya murɗewa. Al'adar barin kare da yunwa wai don ya fi zafin nama ko ya fi faɗa, ni dai ban yarda da ita ba, mai yunwa da wuri yake gajiya kuma shi ne ɓarawo yake saye da guntun nama. Mai farfaɗowa daga rama kuma a ajiye shi daga farauta tukuna, amma kar a ɗaure shi wuri ɗaya, ɗan zagaye safe da yamma shi ke sa abincin ya zama tsoka maimakon tumbi.

Yaya ake auna shi, kuma sai yaushe zan ga canji?

Ka hau sikeli kai kaɗai ka rubuta, ka ɗauki karen ka sake hawa, ka cire na farko daga na biyu. In ya fi ƙarfin ɗauka ko ba ya yarda, sikelin rataye na masu hatsi da buhu mai ƙarfi yana yi, ko a auna shi a asibitin dabbobi. Sau ɗaya a sati, rana ɗaya, da safe kafin ya ci. Ka ɗauki hotonsa ta gefe da ta sama ranar da ka fara, domin mai ganin kare kullum ba ya lura da canji.

Ƙarin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a sati ya isa, wato ga mai kilo 15 giram 150 zuwa 300. Kuzari da sheƙin ido su suke fara dawowa a satin farko ko na biyu, gashi ya biyo baya, cinya da baya su ne na ƙarshe, wanda ya zube sosai sai ya ɗauki wata biyu zuwa uku. In sati biyu sun wuce sikeli bai motsa ba ka ƙara kashi ɗaya cikin goma na abincin. In an ƙara, an yi maganin tsutsa sau biyu, an kashe kaska, wata guda ya cika babu canji, a koma tambaya ta uku, lokacin gwajin jini da na kashi ya yi. Asibitocin dabbobi na jiha suna yin wasu, manyan gwaje-gwaje kuma akwai asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Ka tafi da ɗan sabon kashinsa a leda da kwalayen duk maganin da ka riga ka ba shi.

Ya murmure alhamdu lillahi, in ci gaba da ba shi haka?

Da zarar ya kai 4 ko 5 a ma'aunin da muka yi bayani a tambayar farko, sai a fara ja da baya kaɗan-kaɗan, a rage kamar kashi ɗaya cikin goma, a cire ƙarin man, in na 'yan kwikwiyo yake ci a mayar da shi na manya cikin sati guda, cin kuma ya koma sau biyu a rana. Karen da ya taɓa shan yunwa ba ya sanin ƙoshi, zai yi ta roƙo ko yanzu ya tashi daga kwano, saboda haka hannunka a haƙarƙarinsa shi ne alƙali, in ka fara lalube kafin ka ji su ya wuce. Wanda aka yi wa fiɗiya buƙatarsa tana raguwa, a rage masa tun da wuri. Awo ya koma wata-wata, maganin tsutsa a rubuta ranarsa a jikin kalanda ko a waya duk wata uku, maganin kaska kuma a matsa shi da farkon damina lokacin da take yawaita, kuma duk lokacin da sikeli ya nuna ya sauke kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba tare da ka canza masa komai ba, wato kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 15, a kai shi a duba tun kafin ƙashin baya ya sake fitowa.